Zumunta A Ƙafa Take, Ko Bayan An Rufe Kabari

Duk wanda ya daɗe a unguwanni irin tamu ta Nassarawa GRA a nan Kano ya san yadda makokin ɗan boko yake gudana a wannan zamani. Tun kafin a gama suturta gawa labari ya riga ya zaga wayoyin jama'a. A yi jana'iza, a dawo a kafa rumfa a ƙofar gida, a jera kujeru, motoci su cika titi daga wannan kwana zuwa waccan. Kwana uku ana shiga ana fita, ana "ya muka ji da haƙuri", ana shafa fatiha. Idan mamacin ya taɓa riƙe wani muƙami, abokan aikinsa su yi karo-karo su sayi shafi guda a jarida, a buga hotonsa da jerin sunayen masu alhini. Masu yin sadakar arba'in su sake taruwa a ranar, a raba waina, a watse. Daga nan kuma sai shiru. Kafin matarsa ta cika wata huɗu da kwana goma na takaba ƙafa ta ɗauke daga gidan. Tsohuwarsa kuwa da ke can ƙauye, wadda ta sayar da akuyarta ta biya masa kuɗin jarrabawa, sau da yawa ba ta ga ko mutum ɗaya cikin abokan da suka cika shafin jaridar ba.

Ba na jin rashin ƙauna ne ya kawo haka. Da yawa daga cikinmu muna ɗauke da abokin da ya rasu a zuci shekara da shekaru, sai dai ba mu san abin da za mu yi da wannan kewa ba idan an naɗe tabarmar makoki. Abin da nake so mu duba a yau shi ne wata hanya guda, wato abokan mamaci su ɗaura aniya su yi doguwar tafiya a ƙafa cikin karkara saboda tunawa da shi. Da jin haka wani zai ce ai wannan ɗabi'ar Turawa ce. Amma in muka bi sawun al'amarin za mu tarar tamu ce tun asali, mun dai yar da ita ne ranar da muka hau mota.

Bari mu fara da Turawan, tunda su ne suka fi shahara da abin a yau. A Ingila akwai hanyoyin ƙafa da aka keɓe musamman, suna ratsa gonaki da tsaunuka da makiyaya. Ɗaya daga cikinsu wani mai suna Alfred Wainwright ne ya tsara ta a 1973, tana tashi daga St Bees a gaɓar tekun yamma ta dire a Robin Hood's Bay a gaɓar gabas, kimanin kilomita 300, tafiyar mako biyu ga mai matsakaicin ƙarfi. Al'adar masu bin ta ce su ɗauki tsakuwa a wannan gaɓa su jefa ta a waccan. Idan mutum ya rasu, musamman da ciwon daji, abokansa kan bi irin wannan hanya tare, 'yan'uwa da abokan arziki su yi alkawarin kuɗi a kan tafiyar, a ƙarshe a miƙa abin da aka tara ga asibitin da ya yi jinyarsa. A Sifaniya kuma akwai tsohuwar hanyar ziyarar Kirista zuwa birnin Santiago, inda duk wanda ya taka aƙalla kilomita 100 na ƙarshe ake ba shi takardar shaida. A 2023 an ba mutum sama da 400,000, kuma an yarda mutum ya sa a rubuta sunan wani mamaci nasa a jikin takardar.

Misalin da ya fi taɓa zuciya yana Bosniya. A watan Yulin 1995 aka yi wa Musulmi maza sama da 8,000 kisan kiyashi a Srebrenica, da yawansu a kan hanyar daji yayin da suke ƙoƙarin tsira da rayukansu. Tun daga 2005, duk shekara dubban mutane kan taru a ƙauyen Nezuk su bi waccan hanya ta daji a juye, kwana uku, kimanin kilomita 100, su isa maƙabartar Potočari ana gobe 11 ga Yuli, ranar da ake yi wa waɗanda aka gano ƙasusuwansu sallah a binne su. A cikin masu tafiyar akwai waɗanda suka tsira, suna nuna wa 'ya'yan abokansu inda suka rabu da iyayensu.

To, mu dawo gida. Mai nazarin harshe yana da wata ɗabi'a, idan aka ce masa wani abu baƙo ne a wata al'umma sai ya fara leƙa kalmominta. Ka saurari yadda Bahaushe yake zancen mutuwa. Ba kasafai yake cewa wane ya mutu ba, sai ya ce ya riga mu gidan gaskiya, ko ya koma ga Mahaliccinsa. Kai gawa maƙabarta rakiya ce. Aikin alheri guzuri ne. Duniya zango ce, kowa da ranar tashinsa. Mai ta'aziyya yana cewa Allah Ya sa can ta fi nan. Kusan dukkan wannan kalmomin matafiya ne. A wajen Bahaushe mamaci abokin tafiya ne da ya yi gaba, mu kuma muna tafe a baya.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga al'ummar da ta gina arzikinta a kan tafin ƙafa. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatake kan tashi daga nan su nufi Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, su yi watanni a hanya domin sayo goro. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba, yana da uban dawaki, kuma ana auna nisa ne da yawan zango. Daga nan muka sami Zangon Daura da Zangon Kataf, da unguwannin Zango na Kumasi da Ankara. Alhazan da kuwa a ƙafa suke ratsa Chadi da Sudan, wasu su yi shekaru kafin su ga Ka'aba, wasu su zauna a hanya har abada. Mutanen da suka yi wannan rayuwa su ne suka bar mana karin maganar nan cewa zumunta a ƙafa take, kuma da suka faɗe ta ba salon magana suke yi ba, ƙafar gaske suke nufi.

Amma misalin da ya fi kusa da abin da muke zance a kai shi ne na 'Yan Taru a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, matar Waziri Giɗaɗo, ta lura matan karkara ba su da hanyar samun ilimi. Sai ta riƙa zaɓen dattijai mata masu amana daga garuruwa da ƙauyuka, ta ɗora wa kowacce malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle, ta kira ta jaji. Ita kanta kalmar jaji daga bakin fatake aka aro ta, ma'anarta jagoran ayari. Kowace jaji takan tattaro tsofaffin mata da 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba, su taso a ƙafa, wasu kwana da kwanaki, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu, su zo wajen Asma'u. Ta karantar da su ta hanyar waƙoƙinta, ta rarraba abin da suka kawo ga mabuƙata, su kuma su koma su koyar da matan auren da suka bari a gida. Asma'u ta san darajar waɗannan matafiya, har ta yi wa ɗaya daga cikinsu, wata jaji mai suna Hauwa'u, marsiyya da ta rasu, kamar yadda ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo.

Abin lura shi ne abin da ya faru bayan rasuwar Asma'u a 1864. Tafiyar ba ta tsaya ba. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar matan, su kuma suka ci gaba da tasowa daga ƙauyukansu, suna ziyartar ɗakinta da kabarinta da ke Hubbaren Shehu, suna rera waƙoƙinta a hanya. Baturiyar nan Jean Boyd, wadda ta daɗe a ƙasar Sakkwato kuma ta wallafa tarihin Asma'u a 1989, ta tarar da jajoji da ransu suna wannan aiki fiye da shekara 100 bayan rasuwar malamarsu. Kuma in sun koma gida ba zama suke yi ba, su ne masu share masallaci, masu wanke gawar mata, masu duba marasa lafiya da tsofaffi. Ga ƙawaye sun yi doguwar tafiya cikin karkara saboda wadda suke ƙauna, kuma tafiyar ta haifi aikin da ita mamaciyar take so a yi. Babu wanda ya koya musu wannan daga Turai.

Ita ma Asma'u da hanya ta tuna da mahaifinta. Tana 'yar kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta sha wahalar tafiye-tafiyen da jama'a suka yi har zuwa Gwandu da Sifawa da Sakkwato, inda Shehu ya rasu a 1817. Da ta tashi adana tarihinsa sai ta tsara shi zango bayan zango, a waƙar da aka sani a Hausa da suna Waƙar Gewaye. Wannan ya tuna mini da maƙwabcinmu na tarihi a nan Nassarawa, Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a unguwar nan a 1909 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A 1906 ya ratso Sahara da ayarin raƙuma daga Tarabulus zuwa Borno. A ƙarshen 2001 wani Bature mai suna John Hare, tsohon jami'in mulki a Arewa, ya tara abokansa suka tashi daga Kukawa da raƙuma, suka bi sawun Ɗan Hausa zuwa Libiya, wata uku da 'yan kai. Gidan Ɗan Hausa yana nan muna wuce shi a mota kullum. Mu nawa ne muka taɓa tunanin taka hanyar Degel zuwa Gudu, ko ma hanyar da mahaifinmu ya bi ya shigo birni neman ilimi?

A zamaninmu kalmar tattaki ta dawo bakin jama'a ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce tattakin Arba'in da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky suka riƙa yi daga Kano da wasu garuruwa zuwa Zariya domin juyayin Imam Husaini, suna koyi da tafiyar Najaf zuwa Karbala a Iraƙi. A ranar 27 ga Nuwamban 2015 ɗan ƙunar baƙin wake ya afka musu a Dakasoye, kan hanyar Kano zuwa Zariya, ya kashe sama da mutum 20, kuma tun bayan rikicin Zariya na Disambar wannan shekara tattakin bai koma yadda yake a da ba. Ƙofa ta biyu ta siyasa ce. A watan Afrilun 2015 wani matashi, Suleiman Hashimu, ya taka daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18 domin murnar nasarar Janar Muhammadu Buhari, sai ga masu tattaki sun ɓullo ta ko'ina, kowa da gwamnan ko sanatan da yake nufa. Ba na shiga zuciyar kowa, amma wannan yayi ya sa mutane da dama suna jin an ce tattaki sai su tambaya, nawa aka ba shi? Tafiya saboda mamaci ta kuɓuta daga wannan zargi, domin wanda ke kwance a kabari ba ya ba da kwangila, ba ya naɗa mai ba da shawara.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya sa sai a ƙafa? Ai mota ma za ta kai mu garinsu. Gaskiya ne za ta kai mu, amma ta kai mu da wuri ƙwarai. Daga Kano zuwa Wudil kimanin kilomita 40 ne, a mota ko awa ɗaya ba a yi, kafin a gama zancen siyasa da tsadar mai an iso, a gaisa a tsaitsaye a juyo. A ƙafa kuwa mutum yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, ma'aikacin ofis in ya yi 20 a yini ya yi ƙoƙari, wato zango biyu ke nan. A cikin kwana biyun nan ake samun abin da zaman rumfa ba ya bayarwa. Namiji Bahaushe an horar da shi kada ya yi kuka a bainar jama'a, kada ya buɗe cikinsa ido da ido. Amma idan ana tafe kafaɗa da kafaɗa, kowa idonsa na kan hanya, gajiya ta sauke girman kai, sai ka ji baki ya buɗe. Wannan ya faɗi bashin da marigayi ya yafe masa, wancan ya faɗi saɓanin da ba su kai ga shiryawa ba. Shirun ma da ake yi a tsakani yana da nasa magani.

Sannan ƙafa tana mayar da mutum mabuƙaci. Babban sakatare ko farfesa, in ruwan gorarsa ya ƙare, dole ya yi sallama a ƙofar talaka ya roƙi na randa. Zai ga rijiyar da ta ƙafe, da makarantar firamaren da iska ta yaye wa rufi, da ɗakin shan maganin da aka garƙame da kwaɗo. A irin wannan ƙasa abokinsa ya tashi, kuma daga bayan gilashin mota ba a ganinta. Haka kuma isowar ba ɗaya ba ce. Tsohuwar da ta ga abokan ɗanta sun shigo da ƙura har gwiwa, ƙafa ta yi bororo, aka ce mata tun daga Kano suke tafe saboda shi, ta san abin da ɗanta yake a wajensu fiye da duk abin da ambulan zai gaya mata.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu abar dubawa ce, kada a shigo mana da bidi'a cikin sha'anin mamata, ga shi an yi hani ga ɗaura sirdi domin ibada zuwa wani wuri ban da masallatai uku. Hukunci na malamai ne. Abin da zan ce kawai shi ne tafiyar da nake kira gare ta ba kabari ta nufa ba, kuma babu wata rana ko wani zikiri da aka keɓe mata. Rayayyu ta nufa, wato iyayen mamaci da marayunsa da malamansa. Wannan kuwa yana da asali mai ƙarfi. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, da abokan tafiyarsa suka yi mamaki sai ya gaya musu mahaifin mutumin aminin Umar ne, kuma Annabi (SAW) ya koyar da cewa sada zumunci da masoyan uba yana cikin mafi girman biyayya. Shi kansa Manzon Allah (SAW), shekaru bayan rasuwar Nana Khadija, in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Idan aka haɗa wannan da sadaka mai gudana, wadda ladanta ke iske mutum a kabarinsa, to an sami abin da zai amfani mamaci da gaske.

Babbar matsalar ita ce tsaro, kuma a nan ne abin ya fi ciwo. Hanyoyin da tsofaffin mata suka bi a ƙafa a ƙarni na 19 domin zuwa wajen Asma'u, da yawansu a gabashin Sakkwato da Zamfara sun zama wuraren da ko mai mota yake shiga da addu'a a baki, saboda 'yan bindiga masu garkuwa da mutane. A 2025 hare-haren sun taɓa har ƙananan hukumomin Kano da ke iyaka da Katsina, irin su Shanono da Tsanyawa. Babu mai hankalin da zai ce a jefa rai cikin halaka saboda tunawa da wanda ya riga ya tafi, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Sai dai ya kamata mu gane girman asarar. Ƙasar da mutum ba zai iya takawa daga garinsu zuwa garin abokinsa ba, an ƙwace masa wani abu da kakanninsa suke da shi ko a lokacin da babu kwalta. Kuma ƙauracewar da mu 'yan boko muka yi wa karkara tun kafin bindiga ta iso tana cikin abin da ya sa ba mu ji kukanta da wuri ba.

Saboda haka a yi abin daidai ƙarfi. Ba sai an kai Sakkwato ba. Mutum biyar ko shida sun isa, a zaɓi lokacin ɗari, tsakanin Disamba da Janairu, bayan an kawar da amfanin gona. A nemi shawarar jami'an tsaro da mutanen yankin kafin a tsayar da hanya, a aika wa hakimi da dagatai tun da wuri, a kwana cikin gari a hannun mai unguwa. A tashi bayan asuba, a yada zango kafin azahar. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likita tukuna, kuma a sa mota ɗaya ta riƙa jira a gaba saboda larura. A naɗa madugu, kamar yadda magabata suke yi. Inda za a nufa kuwa rayuwar mamacin ce za ta nuna: garinsu in yana kusa, irin su Kura ko Bichi ko Wudil, ko makarantar da ta yi shi, kamar makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka kafa a 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa a jihar nan. Kuɗin da za a kashe a shafin jarida a riƙe shi a kai can, a gyara rijiya, ko a rufa aji, ko a ɗauki nauyin karatun maraya har ya gama. A bar mai ɗaukar hoto a gida. In an dawo kuma a tsayar da wanda zai riƙa leƙa iyalin duk wata, domin 'Yan Taru ba tafiya ɗaya suka yi suka daina ba.

Mutuwa rigar kowa ce, kuma kowannenmu akwai tsohuwa ko maraya da zai bari a baya. Yadda muka yi wa na abokanmu haka za a yi wa namu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa can ta fi musu nan, Ya dawo mana da zaman lafiya a hanyoyinmu da ƙauyukanmu, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, amin.